Sa Ido Daga Nesa da Ɗorewar Majiyyaci a Kan Na'urar Numfashi: Nazari a Kan Jiyyar Shaƙewar Barci

1.0 GABATARWA

Sanin kowa ne cewa aikin likita ba ya ƙarewa da gano ciwo da rubuta magani. Kome ingancin magani, in majiyyaci ya kai shi gida ya ajiye, to, shi da wanda bai je asibiti ba duk ɗaya ne. Wannan matsala daɗaɗɗiya ce, ta kuma shafi masu tarin fuka da masu hawan jini da masu ciwon sukari. Amma akwai ciwo guda wanda ta fi fitowa fili a kansa, watau shaƙewar barci, domin maganinsa na'ura ce wadda mutum zai ɗaura a fuskarsa ya kwana da ita kullum, watakila har iyakar rayuwarsa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wata dabara da aka ɓullo da ita don warware matsalar, watau sa ido a kan majiyyaci daga nesa, inda na'urar ke aika wa ma'aikatan lafiya labarin kowane dare ta hanyar sadarwa. Za mu fara da bayanin ciwon da na'urar, sa'an nan mu kawo abin da bincike ya tabbatar, daga nan mu auna amfanin dabarar da illarta. Misalanmu za su fito ne daga Amurka da Kanada da Faransa da Sifen, domin a can ne aka fi gwada abin, aka kuma fi yin jayayya a kansa.

2.0 MENE NE SHAƘEWAR BARCI?

Idan mutum ya yi barci tsokokin jikinsa sukan saki, har da waɗanda ke riƙe da harshe da hanɗa da bangon maƙogwaro. Ga yawancin mutane hanyar iska takan ɗan ƙuntata ne kurum. Ga waɗansu kuwa, musamman masu ƙiba da masu kaurin wuya da masu ƙaramar haɓa, hanyar takan toshe ɗungum. Ƙirji yana ta ƙoƙarin jawo iska amma ba ta wucewa, iskar oksijin da ke cikin jini ta yi ƙasa, zuciya ta shiga wahala. Nan sai ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da mai barci, tsokoki su ɗame, hanya ta buɗe da wani irin gurnani, ya koma barci ba tare da ya san abin da ya auku ba. Abokin kwanansa shi ya fi sanin labari: minshari mai ƙarfi, sai tsit, sai gurnani, haka har gari ya waye.

Likitoci ba su lissafa ɗaukewar numfashi sai ta kai sakan 10. Sukan ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu ƙwarai cikin kowace awa ta barci. Daga sau 5 zuwa 14 ciwo ne mai sauƙi, daga 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Alamunsa da rana su ne gyangyaɗi da ciwon kai da safe da mantuwa da saurin fushi. An kuma tabbatar yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da haɗarin mota.

Cikin shekarar 1965 ne Gastaut a Faransa, da Jung da Kuhlo a Jamus, suka bayyana wannan ɗaukewar numfashi ta hanyar awon mutane suna barci. A 1993 wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna kashi 4 cikin 100 na maza masu matsakaicin shekaru, da kashi 2 na mata, suna da ciwon tare da gyangyaɗin rana. A 2019 kuma an ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da shi, miliyan 425 daga cikinsu nasu matsakaici ne ko mai tsanani.

3.0 NA'URAR BUSA ISKA

Kafin 1981, magani mafi tabbas ga mai ciwo mai tsanani shi ne a huda masa maƙogwaro a sa bututu, iska ta riƙa shiga ta ƙasa da inda ke toshewa. Ba kowa ne ke yarda da wannan ba. Cikin 1980 Colin Sullivan, wani likita a birnin Sidni na Ostareliya, ya gwada busa iska ta hancin majiyyaci yana barci, ya yi amfani da injin na'urar zuƙe ƙura wajen samar da iskar. A 1981 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon majiyyata biyar a mujallar Lancet. Wannan shi ne asalin na'urar da aka sani da haruffan CPAP.

Yadda take aiki ba wuya. Ɗan inji ne ke zuƙo iskar ɗaki ya tace ta, ya turo ta ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke rufe da hanci, ko hanci da baki. Matsin iskar shi ke tokare bangon maƙogwaro ya hana shi rufewa, kamar yadda iska ke riƙe tayar keke. Yawanci matsin yana tsakanin 4 da 20 a ma'aunin santimita na ruwa. Waɗansu na'urorin matsi guda ake daidaita musu, waɗansu kuwa su da kansu suke ƙarawa ko ragewa gwargwadon yadda numfashi ya kasance.

Abin da ya wajaba mu riƙe a nan shi ne, na'urar ba ta warkar da ciwon, tare shi take yi. Ranar da aka kwana ba ita, ciwon yakan dawo cikin dare ɗaya ko biyu. Saboda haka amfaninta duka ya rataya ne a kan yawan awoyin da ta yi a fuskar mai barci.

4.0 MATSALAR ƊOREWA

Da farko likitoci sun dogara ne da abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa. A 1993 su Kribbs a Amurka suka ɓoye ɗan ma'auni cikin na'urorin majiyyata 35. Sai ga shi kashi 46 cikin 100 ne kaɗai suke sa takunkumi awa 4 ko fiye a kashi 70 cikin 100 na darare. Daɗin daɗawa, abin da majiyyatan suka faɗa ya ɗara abin da ma'auni ya rubuta da kimanin minti 69 a kowane dare. Ba lalle ne ƙarya suka shirya ba, domin mai barci ba ya iya lissafin barcinsa. A 2008 Weaver da Grunstein suka tattara binciken da aka yi, suka ga cewa tsakanin kashi 46 da 83 cikin 100 na majiyyata ba su cika awa 4.

Dalilan da ke sa a yar da na'urar sanannu ne. Akwai bushewar hanci da maƙoshi, da toshewar hanci, da iska mai tsiyaya ta gefen takunkumi tana bugun ido, da gyambo a karan hanci, da kumburin ciki saboda haɗiyar iska. Akwai kuma wanda da zarar an rufe masa fuska sai ya ji kamar an shaƙe shi, da mai jin kunyar iyalinsa, da wanda bai ga wani canji a jikinsa ba. Yawancin waɗannan suna da magani mai sauƙi: a canja takunkumi, a haɗa ma'ajin ruwan ɗumi mai jiƙa iska, ko a sa matsi ya riƙa hawa a hankali har barci ya ɗauke mutum.

Wani abu mai muhimmanci da su Weaver suka gano a 1997 shi ne, tun cikin makon farko ake rarrabe wanda zai ɗore da wanda zai watsar. To, a tsarin da aka saba, majiyyaci yakan koma asibiti ne bayan wata guda ko wata uku. Ke nan sa'ad da likita zai ji labarin matsala, na'ura ta riga ta daɗe a ƙarƙashin gado. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan giɓi na makonnin farko shi ne sa ido daga nesa ya zo ya cike.

Don a ga girman abin, ya kamata mu ambaci babban gwajin da aka buga a 2016, mai suna SAVE, wanda ya ƙunshi mutum 2,717 masu shaƙewar barci tare da ciwon jijiyoyin zuciya ko na ƙwaƙwalwa. Na'urar ta rage musu minshari da gyangyaɗi, amma ba a ga ta rage aukuwar bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Sai dai matsakaicin amfani da ita awa 3.3 ne kurum a dare. Masana sun yi ta muhawara ko maganin ne ya kasa, ko kuwa ba a sha shi yadda ya isa ba.

5.0 YADDA SA IDO DAGA NESA KE AIKI

Awon amfani da na'ura ya bi matakai uku. Na farko mita ce mai ƙirga awoyin da inji ya yi a kunne, ko da takunkumi na rataye a ƙusa. Na biyu ma'auni ne mai gane ko akwai mai numfashi a cikin takunkumin, yana rubutawa a kan ɗan kati wanda majiyyaci zai kai asibiti. Na uku shi ne aka sa wa na'urar kanta layin sadarwa irin na wayar salula. Alal misali, a 2014 kamfanin ResMed ya fito da samfurin AirSense 10 ɗauke da irin wannan layi a cikinsa.

Bayan majiyyaci ya tashi, na'ura takan aika da rahoto zuwa rumbun kwamfuta na kamfanin da ya ƙera ta. Rahoton ya ƙunshi abubuwa huɗu: awoyin amfani, da yawan iskar da ta tsiyaye, da sauran ɗaukewar numfashi da ta rage, da matsin da aka yi aiki da shi. Ma'aikacin lafiya yakan buɗe allo ya ga jerin majiyyatansa, an yi wa masu matsala alama. Wanda iskarsa ke tsiyaya a kira shi a gyara takunkumi. Wanda numfashinsa ke ci gaba da ɗaukewa a canja masa matsi daga ofis, ba sai ya zo ba. Shi kansa majiyyacin yana iya ganin makin darensa a wayarsa, ana kuma iya aiko masa da saƙon ƙarfafa guiwa ko na tunatarwa.

Amma fa na'urar tana da iyaka. Ba ta san ko mutum barci yake ko idonsa biyu ba, abin da ta sani shi ne takunkumi na fuska. Ƙidayar da take yi ta ɗaukewar numfashi ƙiyasi ne daga motsin iska, kowane kamfani kuma da irin lissafinsa. Uwa uba, tana iya cewa an cire takunkumi da ƙarfe biyun dare, amma ba ta iya faɗin dalili.

6.0 ABIN DA GWAJE-GWAJE SUKA NUNA

A 2012 su Fox a birnin Bankuba na Kanada suka raba majiyyata 75 gida biyu. Kashi ɗaya aka bi da su yadda aka saba, ɗaya kashin kuwa akwai ma'aikaci mai duba rahotonsu yana kiran duk wanda ya ga alamar matsala. Bayan wata uku, waɗanda aka sa wa ido suna amfani da na'ura minti 191 a dare, sauran kuwa minti 105.

A 2018 su Hwang suka buga gwajin da suka yi a asibitin Kaiser Permanente a Kalifoniya, inda kwamfuta ce ke aika saƙo da kanta. Cikin kwana 90, waɗanda aka bi da su yadda aka saba sun sami awa 3.8, waɗanda aka ba darasi ta intanet awa 4.0, waɗanda aka sa wa ido da saƙo awa 4.4, waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa awa 4.8.

Sai dai ba ko'ina aka ga haka ba. A 2017 su Turino a Sifen suka gwada majiyyata 100, ba su ga bambancin a zo a gani ba a awoyin amfani. Sa ido daga nesa ya fi arha, amma waɗanda suka riƙa ganin ma'aikata ido da ido sun fi nuna gamsuwa. Abin da muka fahimta daga haɗa waɗannan shi ne, inda kulawar da aka saba take da rauni dabarar takan ƙara kimanin rabin awa zuwa awa guda ko fiye, inda kuwa kulawa take da ƙarfi tun asali ribar ba ta da yawa. Har wa yau, a duk inda aka ci riba akwai wani mataki da ya biyo bayan rahoto, ko kira ko saƙo. A kan irin wannan hujja ce ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawarar a yi amfani da dabarar a farkon jiyya, ko da yake ta fi ƙarfafa ilimantar da majiyyaci tun kafin a ba shi na'ura.

7.0 TAIMAKO KO TARKO?

Rahoton da ke nuna wa likita wanda zai taimaka, shi ne kuma ke nuna wa mai biyan kuɗi wanda zai yanke. A 2008 shirin inshorar gwamnatin Amurka mai suna Medicare ya kafa sharaɗi: sai majiyyaci ya yi awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, cikin kwana 30 a jere, a watanni ukun farko, kafin a ci gaba da biya masa. Kamfanonin inshora da dama suka bi sahu. A 2018 kafar labarai ta ProPublica ta ba da labarin majiyyatan da suka tarar na'urorinsu na aika bayani har ga kamfanin inshora ba da saninsu ba.

Bari mu yi ɗan lissafi a kan wannan sharaɗi. Kashi 70 na kwana 30 shi ne dare 21, in an ninka da awa 4 ya ba da awa 84. Mai barcin awa 7 kullum yana da awa 210 a wata. Ke nan mutum na iya cin jarrabawa alhali kashi 60 cikin 100 na barcinsa ba shi da kariya. Wani kuma ya yi awa uku da rabi kowane dare ba fashi, watau awa 105, a ce ya faɗi. Ban da haka, barcin mafarki, wanda ɗaukewar numfashi ta fi tsawo a cikinsa, ya fi yawa ne a ƙarshen dare, lokacin da mai awa 4 ya riga ya tuɓe takunkumi. A 2007 su Weaver sun nuna cewa awa 4 na iya rage jin gyangyaɗi, amma komawa harkokin yau da kullum sosai na bukatar wajen awa bakwai da rabi. Mu malamai mun san irin wannan: rajistar kiran suna tana nuna wanda ya zo aji, ba ta nuna wanda ya fahimci darasi.

A Faransa abin har kotu ya kai. A 2013 gwamnati ta fitar da doka mai ɗora biyan kuɗin na'ura a kan rahoton da take aikawa. Ƙungiyoyi suka kai ƙara, babbar kotun da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati ta dakatar da dokar a farkon 2014, ta kuma soke ta cikin Nuwamba na shekarar, bisa hujjar cewa ministoci ba su da ikon kafa irin wannan sharaɗi. Sabon tsarin da ya fara aiki a 2018 ya wajabta neman yardar majiyyaci kafin a sa masa ido, ya kuma sa kuɗin da ake biyan kamfanin da ke kula da shi ya riƙa raguwa in amfani ya gaza awa 112 cikin kwana 28. Watau an juya nauyin zuwa kan mai kulawa, don ya tashi ya nemi majiyyacinsa.

Akwai kuma batun adalci. Bincike a Amurka ya nuna mazauna unguwannin talakawa sun fi ƙarancin awoyin amfani. Idan aka mai da awa 4 ta zama sandar duka, waɗanda suka fi bukatar taimako su ne za a fara karɓe wa na'ura.

8.0 ABIN LURA GA ƘASASHENMU

Wannan na'ura ta fara shigowa manyan biranenmu, galibi majiyyaci ne ke saya da kuɗinsa, saboda haka ya dace mu yi tunani tun da wuri. A wurinmu mutane da yawa suna ɗaukar minshari abin dariya ne ko alamar barci mai nauyi, don haka ilimantarwa ita ce matakin farko. Na biyu, na'urar tana bukatar wutar lantarki dare guda cur. Idan an ɗauke wuta da tsakar dare, rahoto zai nuna majiyyaci ya gaza, alhali laifin ba nasa ba ne, sai in yana da batir ko wutar sola. Na uku, ƙurar hunturu takan toshe matacin iska ta kuma busar da hanci, zafin bazara kan kori mutane zuwa kwana a tsakar gida, watan azumi kan sauya lokutan barci, mai gida mai rabon kwana kuwa sai ya riƙa ɗaukar na'urarsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Ma'aikacin da bai san waɗannan ba zai karanta lambobi ya yi musu gurguwar fassara.

A ɗaya gefen kuma, inda likitocin wannan fanni suka yi ƙaranci, garuruwa kuma suka yi nisa, nan ne dabarar za ta fi amfani, domin kiran waya guda na iya hutar da majiyyaci tafiyar yini. Sai dai a kiyaye da cewa dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga cewa na'urar busa iska tana tare shaƙewar barci muddin tana fuska, kuma makon farko shi ke nuna makomar jiyya. Mun ga sa ido daga nesa yana ƙara awoyin amfani idan akwai mai karanta rahoto ya ɗauki mataki, yana kuma iya zama hanyar hana magani idan mai biyan kuɗi ne kaɗai ke karantawa.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. A bayyana wa majiyyaci abin da na'urarsa ke aikawa da wanda ke gani, a kuma nemi yardarsa a rubuce. A ware ma'aikaci takamaimai wanda zai duba rahoto ya kira majiyyaci cikin makon farko. A ɗauki awa 4 a matsayin alamar neman taimako, burin kuwa ya zama dukan barcin dare. Daga ƙarshe, kada a yanke wa kowa hukunci da lambobi sai an tambaye shi dalili, domin shi ne ya kwana da takunkumin, shi ya san inda yake matsa masa.